Huɗu Ta Fi Ɗaya

SHAFI NA 19

Yaya maƙaryaci ne. Na faɗa tun a shafin baya, wasunku suka cika min akwatin saƙo wai na cika tsanani, wai son ƙanwarsa ne ya sa shi. To ku karanta wannan, sannan ku gaya min wane irin so ne ke sa mutum ya kori lauyan ubansa ana gab da shiga kotu, ya jingina abincin gida gaba ɗaya a kan maganar da shi da bakinsa ya ƙirƙira.

Auta ta iso gida daga jami'a da rana tsaka, jakarta a baya, tana zaton kallo ta zo yi. Abin da Yaya ya ce mata a waya ke nan. Gobe da safe kotu za ta zauna kan shagon kafinta na Baba, wanda ɗan mai ginin ke neman fitar da su daga ciki tun da mahaifinsa ya rasu, saboda haka ta zo a gan ta.

Ta tarar da falo a cike. Baba na zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa, fensir a bayan kunne, garin katako bai gama fita daga gashin hannunsa ba. Umma na bakin ƙofar kicin. Goggo, yayar Baba, ta baje a kan tabarma da wata babbar leda a cinya. Yaya kuwa yana tsaye ya jingina da bango, ya riƙe wani koren fayil, yana kaɗa makullin shago a yatsa.

"Barista ta iso," in ji Goggo. "Zo nan, 'yar nan, kada ma ki zauna. Zo mu gwada."

Shekara uku ke nan ana kiran Auta da wannan sunan a gidan, ita kuma tana amsawa. Ku riƙe wannan, don ita ma ba zan wanke ta ba.

Goggo ta zazzage ledar. Baƙar riga ta faɗo, mai faɗin hannu, sai farar hular gashi irin ta lauyoyi.

"Goggo, wannan fa?"

"Ke da kayan aikinki kike tambayata? Sai da na zaga shago uku. Mutumin ya ce wane ne lauyan, na ce 'yar ƙanena ce, ya ce girmanta fa, na ce kamar ni kafin in haihu."

"To ai ta yi mata yawa," in ji Umma.

"A kama da allura. Alƙali ba ɗinki zai duba ba."

Auta ta kalli rigar, ta kalli Yaya. Shi kuma ya mai da ido kan silin.

"Wai ni ce zan sa?"

"A'a, ni ce," in ji Goggo.

Baba ya miƙa hannu, Yaya ya ba shi fayil ɗin, ya ɗora a kan tebur ya tura gabanta.

"Ga takardun nan. Ki ci abinci ki huta, sai ki duba. Ni dai abin da nake so ki gaya wa alƙali, shekara talatin ina wurin nan, ban taɓa faɗa da marigayi ba. Rumfar baya ma ni na kafa ta da izininsa."

"Baba, ina lauyanka?"

"Wanne?"

"Mai sanƙon nan. Wanda ke riƙe da shari'ar."

"Ai an sallame shi tun da kika ce za ki tsaya."

Auta ta sauke jakarta a hankali. Ta nemi hannun kujera ta zauna a kai, abin da Baba ya hana kowa yi a gidan, amma yau ya ƙyale ta.

"Yaushe na ce zan tsaya?"

Yaya ya daina kaɗa makulli.

"Yaya, yaushe na ce?"

"Ranar da na kira ki mana. Na ce ana so a fitar da mu, kika ce za ki duba."

"Na ce zan duba abin da littafi ya ce game da haya. Littafi, Yaya."

"To duk ba ɗaya ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne." Ta juya wajen Baba. "Baba, ni ba zan iya tsayawa gaban alƙali ba. Ba za a ma bar ni ba. Idan na sa wannan rigar na shiga kotu da sunan lauya, kama ni za a yi."

Goggo ta janye hannunta daga rigar kamar ta taɓa murhu.

"Don ba ki gama ba?" Baba ya tambaya. "To ai saura shekara ɗaya. A yi wa alƙali bayani."

"Ko na gama, Baba."

"Ko kin gama me?"

"Ko na gama ba zan zama lauya ba."

Baba ya ciro fensir daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar.

"Ban gane ba. Ba shari'a kike karantawa ba?"

"Ina karantawa."

"To."

"Amma ba ita kaɗai ba. Digirin namu abu huɗu ne a haɗe. Falsafa, siyasa, tattalin arziki, da shari'a."

"Na sani," in ji Baba. "Wannan yaron ya gaya min tun ranar da aka ɗauke ki. Ya ce an ba ki shari'a, har da ƙarin uku saboda ƙoƙarinki."

"Ba ƙari ba ne."

"Mene ne to?"

"Rabawa aka yi. Kowanne muna ɗaukar wani yanki. Wanda zai zama lauya, shari'a zalla yake yi daga farko har ƙarshe, sannan ya je horon lauyoyi, sannan a rantsar da shi. Ni makina bai kai na shari'a zalla ba, shi ne aka ba ni wannan."

Umma ta matso daga bakin ƙofa, ludayi a hannunta.

"Tsaya, Auta. Makinki bai kai na abu ɗaya ba, sai aka ba ki huɗu?"

"Eh, Umma."

"Wace irin makaranta ce wannan?"

"Abin da nake faɗa ke nan," Yaya ya yi caraf ya shigo. "Ku duba fa. Mai sanƙo abu ɗaya ya karanta, ita huɗu. Ta yaya mai ɗaya zai tsaya gaban alƙali a ce mai huɗu ba za ta tsaya ba? Hankali ma ba zai ɗauka ba. Tsoro ne kawai ke damunta."

Kada ku ɗauka wasa yake yi. Mutum in ya daɗe yana maimaita ƙarya, shi ne na farko da take kamawa. Yaya ya san sarai yadda aka yi a farko, amma shekara uku yana gaya wa ma'aikatan shago da masu sayen kujeru cewa huɗu ta fi ɗaya, har lissafin ya zauna masa a kai.

Baba ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, ya juyo wajen Auta.

"Bi da ni a hankali. Ta farkon, me kika ce sunanta?"

"Falsafa."

"Me ake yi da ita?"

"Tunani ne, Baba. Ana koya mana yadda ake tambaya da yadda ake kafa hujja. Kamar a ce, mene ne adalci, ko me ya sa abu ya zama mallakin mutum."

"Yauwa. To mene ne adalcin?"

"Ba a gama yarda a kan amsa ɗaya ba."

"Su malaman naku?"

"Har su."

"Tun yaushe ake tambayar?"

"An daɗe, Baba. Tun kafin a haifi kakanninmu."

Goggo ta tafa hannu a hankali. "Kai Kafinta, ka ji inda kuɗin katakonka ke tafiya."

"Bari, Goggon yara. Siyasar fa? Takara za ki tsaya?"

"A'a. Muna nazarin yadda ake mulki ne, yadda hukuma ke yanke shawara."

"Ba za ki tsaya takara ba."

"A'a."

"Tattalin arzikin, kasuwanci ne?"

"Ba kasuwanci ba ne kai tsaye. Kamar abin da ke sa farashin katako ya tashi, ko abin da ke sa masu gini su fi son mai da shaguna gidajen haya."

"Za ki iya sa ya sauka?"

"A'a, Baba."

"Shari'ar kuma ba ta kai ki gaban alƙali."

"Ba ta kaiwa."

Baba ya shafa hannun kujerarsa.

"Ni in na yanka ƙafa huɗu, sai na ɗora musu wurin zama kafin in ce na yi kujera. Ga ƙafafu kin lissafa min. Ina wurin zaman? In kin gama, wa za a ce da ke?"

"Ana aiki a ma'aikatun gwamnati, ko wuraren bincike, ko jarida, ko ƙungiyoyi masu tsara manufofi. Wasu kuma su ƙara karatu."

"Ƙarin karatu kuma?" in ji Umma.

"Ba wannan na tambaya ba," in ji Baba. "Likita, likita ne. Ni kafinta ne. Ke fa?"



"Ban sani ba tukuna, Baba. Amma karatu ne na gaske, wallahi. Ba wasa nake yi a can ba. Ina cikin na gaba a ajinmu, kuma ina son sa. Da yau za a ce in koma shari'a zalla, ban tabbata zan koma ba."

"To me ya hana ki faɗa tun farko?"

Ta kalli Yaya.

"Kada ki kalle shi, ni na tambaye ki."

"Kai ka ce in ba shari'a ba ce ba za ka biya ba, ba ka da kuɗin karatun ado. Ranar da sakamako ya fito ina kuka, Yaya ya ce in yi shiru, ai akwai shari'a a cikin sunan, shi ya san yadda zai gaya maka. Ya ce in na gama ka ga takarda, magana ta wuce."

"Kuma da muke ce miki Barista?"

Ta sunkuyar da kai. "Da farko ina jin nauyi. Daga baya ya yi min daɗi."

Gara ita, ta faɗi nata da bakinta. Laifi ne, kuma babba, ka bar uwarka tana amsa Maman Barista a unguwa alhali ka san babu baristan. Amma shiru ta yi. Shi kuwa Yaya gini ya ɗora a kan shirun.

Umma ta ajiye ludayin a kan tebur, a kan fayil ɗin ma, ba ta lura ba.

"Ni yanzu me zan ce wa matan layin nan? Jiya ma matar mai gyaran rediyo ta ce in kin zo ki duba mata maganar gadonsu."

"Ki ce mata ana kan tambaya," in ji Goggo. "Ba a gama yarda ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Baba ya juya kujerarsa gaba ɗaya ta fuskanci Yaya. Ƙafafunta suka yi ƙara a kan siminti.

"Kai. Matso."

Yaya ya matso.

"Ka ce min mai sanƙo ne ya ce ya gaji, a nemi wani."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ban tambaye ka kusa ba. Me ya ce?"

"Ya zo shago ranar da ka tafi sayen katako. Ya ce wai takardarmu ba ta da ƙarfi, tunda yarjejeniyar baki ce kuka yi da marigayi. Wai abin da ya fi, a nemi sulhu, a roƙi wa'adi mai tsawo, ko a sabunta haya da ɗan."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce ba mu yarda ba."

"Haka kawai?"

Yaya ya kawar da kai.

"In kira yaran shago su gaya min?"

"Na ce an saye shi."

"A gaban wa?"

"Ma'aikata na nan. Da wasu masu sayen gado. Ɗan mai ginin ma yana tsallake a cikin motarsa." Sai ya ɗaga murya kaɗan, kamar wanda ya tuno hujja. "Baba, raina mu yake yi fa. Yana magana yana kallon agogo. Shi ne na ce ya ba ni fayil ɗinmu, muna da barista a gida wadda ta karanta ninkin abin da ya karanta sau huɗu. Kowa ya ji. Har tafi aka yi min."

"Aka yi maka tafi."

"Eh."

"Sannan ka zo ka ce min ita ta ce za ta tsaya."

"Na san in ta zo ta ga halin da ake ciki ba za ta ƙi ba."

"Yaya, ba ƙi na yi ba," in ji Auta. "Ba ni da iko ne. Ko kai ka sa rigar nan, da ni da kai ɗaya muke a wurin alƙali."

"To me kike yi a can shekara uku?"

"Abin da ka zaɓa min da hannunka."

Goggo ta ninke baƙar rigar, ta warware, ta sake ninkewa. "Ni dai a gaya min abu ɗaya. Mutumin nan zai karɓi kayansa? Don ya ce in an fita da su an fita."

Baba bai ko kalle ta ba. A cikin shagon nan akwai injin yankan katako da ba ya fita ta ƙofa sai an rushe bango, akwai ma'aikata masu iyali, akwai gadaje da kujerun mutane da aka karɓi aikinsu ba a gama ba. Daga shagon ake cin abinci a gidan, daga shagon ake biyan karatun da ake wannan rigimar a kansa.

"Auta," ya ce, ya bar Baristan. "A cikin yankin shari'ar da aka ba ki, akwai abin da ya ce game da mutumin da ya wayi gari ba lauya?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta jawo fayil ɗin daga ƙarƙashin ludayi, ta buɗe.

"Kana da damar tsayawa da kanka. Kuma kana iya roƙon alƙali ya ɗage zaman har ka samu lauya."

"Zai yarda?"

"Yana iya yarda, yana iya ƙi." Ta juya wata takarda, ta tsaya. "Baba, an taɓa ɗagewa?"

"Sau biyu. Ɗaya ina asibiti, ɗaya kuma mai sanƙo ya yi tafiya."

"A nan an rubuta cewa wancan ne na ƙarshe daga ɓangarenmu."

"Ma'ana?"

"Ina jin in ba mu shirya ba, za a saurari nasu kawai. Amma ban tabbata ba. Yadda ake tafiyar da zaman kotu ba ya cikin abin da ake koya mana."

"Shi ma ba ya ciki," in ji Umma a hankali. "Malam, ni fa kaina ya ɗaure. Abu huɗu, kuma duk wanda aka taɓo sai a ce ba ya ciki."

Baba ya ciro wayarsa daga aljihu, ya miƙa wa Auta don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

"Nemo min mai sanƙo."

Ta nemo, ta sa a lasifika. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira. Wannan karon ringi biyu ta yi aka kashe daga can. Da ta kira na uku, sai muryar matar nan ta kamfani ta ce wayar a rufe take.

"Wataƙila caji ne," in ji Yaya.

Baba ya tashi tsaye. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Auta, maganar karatunki ban gane ta ba, kuma ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gane ba. Ki ajiye ta sai an fito daga kotu. Ko za ki koma ko ba za ki koma ba, ban sani ba. Gobe ki sa kayanki na gida ki zauna a bayana."

"To, Baba."

"Kai kuma, kawo makullin."

"Baba, ai ni ke buɗewa da safe."

"Kawo."

Yaya ya zare shi daga yatsa ya ajiye a tafin Baba. Baba ya ɗauki rigar da hular daga cinyar Goggo ya ɗora masa a kafaɗa, ya ɗauki fayil ɗin ya cusa masa a hammata.

"Yanzu ma'aikata ba su tashi ba. Ka je shago da wannan rigar a kafaɗarka, ka tara duk wanda ya yi maka tafi, ka gaya musu ƙanwarka ba lauya ba ce, ba za ta zama ba, kuma kai ka ƙirƙira. Daga nan ka wuce ofishin mutumin da ka ce an saya. In ba ya nan ka nemi gidansa. In ya rufe ƙofa ka zauna a bakinta."

"In ya ƙi fa, Baba?"

"To ka nemi inda za ka kwana."

"Malam," in ji Umma.

"Na gama."

An raba Yaya da makullin shagon da ya riƙe tun yana saurayi, an hana shi taɓa ko da guduma a cikinsa, an kuma hana shi shiga gidan sai tare da lauyan da ya zaga. Ya fita da rigar a kafaɗa, hular ta faɗi a bakin ƙofa, ya sunkuya ya ɗauka.

Zaman kotu gobe da safe ne, wayar mai sanƙo kuma har yanzu a rufe take.